Yaro ya tambaye ni zancen harsashi, ni kuwa na ba shi amsa

Ranar wata Laraba, ana saura kwata a tashi, wani ɗalibina ya ɗaga hannu. Darasin awo muke yi, giram da miligiram, amma na san ba a kan darasin zai yi tambaya ba, domin tun shigowata yake leƙen wani abu ƙarƙashin tebur. Ya ce: "Mushe, wai da gaske ne a Amurka mutum yana haɗa harsashinsa da kansa a gida?" Ajin ya yi tsit, sannan aka kwashe da dariya. Na karɓi wayar kamar yadda dokar lakwal ta tanada, na ce ya same ni in an tashi.

Da na duba abin da yake kallo sai na ga wani dattijon Bature mai furfura zaune a garejin gidansa. Gabansa akwai tebur, da ƙaramin sikeli, da littafi a buɗe, da kwanson harsasai jere cikin wani katako mai ramuka kamar gurbin dara. Gefe guda an jingine irin bindigar nan ta finafinan kaboyi. Minti goma sha wani abu dattijon nan bai harba komai ba. Awo yake yi, yana rubutawa, yana sake awo.

Da na ba abokan aikina labari, wani daga cikinsu ya ce kamata ya yi in zane yaron, in kira ubansa, a rufe zancen. Ya ce a wannan zamani da ƴan bindiga suka hana mutanen Madarumfa da Gidan Rumji barci, bai dace kalmar harsashi ta fito daga bakin malami a cikin aji ba. Na fahimci tsoronsa, kuma ni ma ina da irinsa. Amma ban bi shawararsa ba. Na zaunar da yaron na ba shi amsa, kuma ina so in gaya wa malamai da iyaye dalilina.

Bindigar kaboyi da asalinta

Mu fara da ita bindigar. Waɗanda suka yi zamanin silima sun san ta. Tana da wani ƙarfe mai kama da zobe a ƙarƙashin kunama, maharbi ya tura shi ƙasa ya dawo da shi, kwanson da aka harba ya fice, sabon harsashi ya shiga. Saboda wannan ƙarfen ake ce mata bindiga mai liba.

Wani maƙeri mai suna Benjamin Tyler Henry ya samu takardar mallakar ƙirarta a 1860, yana aiki a kamfanin Oliver Winchester a garin New Haven. Bindigar Henry tana ɗaukar harsashi 15 a cikin wani dogon bututu da ke kwance ƙarƙashin bakinta, a lokacin da yawancin sojoji ke ɗura albarushi ta baki suna harbi ɗai-ɗai. Bayanta aka yi Winchester ta 1866, sannan ta 1873 wadda sunanta ya cika duniya, har aka yi mata fim a 1950 da James Stewart. Daga baya John Moses Browning ya ƙera ta 1886, da ta 1892, da ta 1894. Wannan ta ƙarshen an ƙera fiye da miliyan 7, kuma har yau da ita manoma da mafarauta da yawa a Amurka ke harbin barewa.

Na gaya wa yaron abin da fim ba ya faɗa. Da irin waɗannan bindigogi aka ƙwace ƙasar ƴan asalin Amurka, kuma su ma sun saye su sun kare kansu da su. A yaƙin Little Bighorn na 1876, mayaƙan Lakota da Cheyenne da suka gama da Custer da mutanensa suna riƙe da Henry da Winchester, alhali sojojin gwamnati suna da masu cin harsashi ɗaya. A 1877 sojojin Daular Usmaniyya sun yi wa Rashawa mummunar ɓarna a Plevna da Winchester. Abin da ake nuna wa yara kamar wasa, tarihinsa cike yake da gawawwaki, kuma ya kamata a faɗa musu haka.

Me ake nufi da sake ɗurin harsashi

Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe: kwanso na tagulla, da ƴar hular da ke tayar da wuta a gindinsa, da albarushi a ciki, da kan harsashin da ke fita. In an harba, uku sun tafi, kwanson ya rage. Shi ne kuma ya fi sauran tsada. Harsashin bindigar Henry ba ya sake ɗuruwa, domin abin tayar da wutarsa yana cikin leɓen gindin kwanson ne, in ya ƙone shi ke nan. Amma daga Winchester ta 1873 aka koma ga harsashi mai hula a tsakiyar gindi, wadda ake iya cirewa a sa sabuwa.

Ku yi tunanin manomi ko makiyayi a yammacin Amurka a wancan zamani, tsakaninsa da kanti tafiyar kwana da kwanaki a kan doki. Ba zai zubar da kwanso ba, kamar yadda tsohuwar ƙauye ba ta zubar da kwalba. Kamfanin Winchester da kansa yana sayar da kayan sake ɗuri tare da bindigar. A 1884 wani mai suna John Barlow ya kafa kamfanin Ideal, yana ƙera wani kayan aiki mai kama da awartaki wanda mutum zai jefa cikin jakar sirdi. Kamfanin Lyman ya gaji wannan aiki a 1925, kuma har yanzu yana buga littafin awo da masu wannan sana'a ke dogara da shi. Talauci da nisan kasuwa suka haifi abin, ba ƙwalisa ba.

Yau dalilan sun ɗan canja. Wasu suna yi don rangwame, wasu don tsofaffin bindigogin kakanninsu da aka daina sayar da harsashinsu, wasu don gasar harbin allo inda ake son kowane harsashi ya zama daidai da ɗan'uwansa. A 2020 da 2021, da harsashi ya yi wuyar samu a kantunan Amurka, mutane da yawa sun koma ga teburin ɗuri, har ƴan hulunan ma suka yi ƙaranci. A can doka ta yarda da wannan a mafi yawan jihohi. A nan ba haka ba ne, kuma zan dawo kan wannan.

Ba zan rubuta adadin komai a nan ba, kuma ban faɗa wa yaron ba. Ba shi ne darasin ba. Darasin yana cikin ɗabi'ar da aikin ya tilasta wa masu yin sa.

Sana'ar da ba ta yafe kuskure

Awon da suke amfani da shi sunansa giren, kuma asalinsa nauyin ƙwayar sha'ir ne. Giram ɗaya yana da giren 15 da ɗoriya. Sikelinsu yana rarrabe kashi ɗaya cikin goma na giren, wato kimanin miligiram 6 da rabi, kusan nauyin ƙwayar gero guda. Da na faɗa wa yaron haka sai ya ce: "Mushe, ashe miligiram ɗin nan yana da amfani." Sati biyu ina fama da ajin nan a kan miligiram, sai ga shi bindiga ta yi mini aikin cikin minti ɗaya.

Me ya sa ake wannan tsanani? Domin matsin da ke tashi cikin bindiga lokacin harbi ba abin wasa ba ne. A harsashin da ake kira 30-30, wanda ya fito a 1895 kuma ya fi kowanne shahara a bindiga mai liba, matsin yana kusan bar 3000. Tayar mota bar 2 da ɗan abu ake sa mata. Wato ƙarfin da ya ninka na taya fiye da sau dubu yana tashi a tazarar ɗan yatsu kaɗan daga idon maharbi, yana tura kan harsashi da gudun kusan mita 700 cikin daƙiƙa, ninki biyu na gudun sauti. Ƙarfen bindiga yana da iyakar abin da zai ɗauka. In an wuce iyakar, ta baya yake fashewa.

Akwai tarko uku da na bayyana masa, domin kowanne yana ɗauke da hankali.

Na farko ya shafi bututun nan da ke ƙarƙashin bakin bindiga. Harsasai suna kwance a ciki a jere, kan wannan yana taɓa gindin na gabansa, daidai inda hular take. In kan harsashin mai tsini ne, girgizar harbi tana iya sa ya soki hular na gaba, duk jerin ya tashi a hannun mutum. Shi ya sa fiye da shekara ɗari harsashin irin wannan bindiga yake da kai mai faɗi ko mai zagaye, duk da an san mai tsini ya fi tafiya nesa. Sai a tsakiyar shekarun 2000 kamfanin Hornady ya fito da mai tsinin roba mai laushi. Mutane sun haƙura da abin da ya fi kyau a ido saboda sun san yadda kayan aikinsu yake ciki.

Na biyu ya samo asali daga canjin albarushi. Tsofaffin harsasai irin 44-40 an ƙera su ne don baƙin albarushi, irin mai hayaƙin nan da maharbanmu suka sani, kuma shi yana cika kwanson fal. A 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi, wanda kaɗan daga cikinsa yake aikin da mai yawa na baƙin ke yi. Sakamakon haka, in an zuba na zamani a tsohon babban kwanso, wuri yana raguwa sosai. Mutum yana iya mantawa ya zuba sau biyu, kwanson bai cika ba balle ya zube ya gargaɗe shi. Yana kuma iya tsallake wani kwanson bai zuba komai ba, kan harsashin ya maƙale a tsakiyar bakin bindiga, na bayansa ya zo ya tarar da hanya a toshe. Duka biyun suna fasa bindiga. Saboda haka ƙa'idarsu ita ce: nau'in albarushi ɗaya tak a kan tebur, ba hira, ba talabijin, ba giya, kuma a leƙa kowane kwanso da fitila kafin a rufe shi.

Na uku ya fi ba ni sha'awa. Akwai harsashi mai suna 45-70 wanda sojan Amurka ya fara amfani da shi a 1873. Har yau ana ƙera shi, kuma yana shiga tsohuwar bindigar soja ta wancan zamani, yana shiga mai liba ta zamani, yana shiga wasu masu ƙarfi fiye da su. Girman ɗaya ne, sunan ɗaya ne. Amma littattafan awo sun raba shi gida uku, domin ɗurin da sabuwar za ta ɗauka lafiya yana iya tarwatsa tsohuwar. Shigar abu wuri ba ita ce dacewarsa ba. Duk uwar da ta taɓa raba ƙwayar maganin babba ta ba jariri, ta san wannan tarkon ko ba ta san sunansa ba.

Saboda irin waɗannan haɗurra aka kafa hukumomin da ke tsayar da iyaka: CIP a Turai tun 1914, da SAAMI a Amurka tun 1926. Mai ɗuri na kirki ba ya cewa "a ganina". Yana buɗe littafi, ya fara daga ƙasa, ya rubuta kwanan wata da abin da ya zuba a kan kowane akwati. Kwanson da ya tsage ya jefar, komai son kuɗinsa. Harsashin da wani ya ɗura bai san yadda aka yi ba, ba ya harba shi ko kyauta aka ba shi.

Mu ma muna da masu ɗuri

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne kawai. Ɗurin bindiga ya daɗe a ƙasar Hausa. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ana haɗa albarushi ana kuma zuba igwa a cikin birnin Damagaram. Har gobe in an yi hawan Salla, ƴan bindigar sarki suna ɗura albarushi ta baki suna tayar da hayaƙi, yara suna bin su a guje. A ƙauyuka kuma maharba suna da bindigoginsu ƙirar maƙera.

Akwai dalilin da ya sa maharbinmu ya tsaya a kan bindigar ɗuri alhali na Amurka ya wuce. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels, wadda ta taƙaita shigo da bindigogin zamani da harsasansu cikin mafi yawan Afirka, yankinmu har da shi, ta bar mana tsofaffin bindigogin ƙanƙara da baƙin albarushi. Sun ce don yaƙi da cinikin bayi ne. Shekaru kaɗan bayan haka suka shigo da nasu masu cin harsashi da yawa suka ci ƙasar. Wannan ma darasin tarihi ne da tambayar yaron ta buɗe mana.

To amma yaya maharbinmu yake awo? Da tafin hannu, da yatsu, da murfin kwalba, da "haka babana yake yi". Tsofaffin maharba suna da ƙa'idojinsu, kuma ba na raina su, domin wanda ya tsufa da yatsunsa goma a wannan sana'a ya san abin da yake yi. Matsalar tana ga wanda ya gaji bindigar bai gaji ilimin ba. A unguwar da na tashi akwai wani maƙwabcinmu da albarushinsa ya ƙare ana gobe farauta. Ya samu harsashin zamani, ya farke shi, ya juye abin cikinsa a bindigarsa ta ƙirar gida. A idonsa duk gari ne. Bindigar ta fashe a hannunsa, ya rasa yatsu uku da ido ɗaya, kuma ƙanensa da ke tsaye kusa da shi yana ɗauke da tabo a wuya har yau. Ba mugu ba ne, ba mahaukaci ba ne. Bai san cewa abu biyu suna iya kama da juna a ido su bambanta a aiki ba, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa.

Ina tuna shi duk lokacin da na ga yaran unguwa suna haɗa bindigar wasa mai ƙara lokacin Salla, ko suna tsintar kwanson harsashi a bakin hanya suna cika aljihu. Sha'awar tana nan, ko mun yi magana ko mun yi shiru. Shirunmu ba ya kashe ta, sai dai ya miƙa yaron ga wayar salula da ga abokin da ya girme shi da shekara biyu.

Dalma, maƙiyin da ba ya ƙara

Akwai haɗarin da ba ya fashewa, kuma shi ya fi shafar iyaye mata. Kan harsashi da dalma ake yin sa. Masu ɗuri a Amurka da yawa suna narka dalma su zuba da kansu, kuma littattafansu suna gargaɗi: a yi a inda iska ke ratsawa, kada a ci abinci a wurin, a wanke hannu, kada yara da masu ciki su kusanci teburin. Maharbanmu ma suna narka dalma, sau da yawa daga tsohon batirin mota, a tsakar gida, a kan murhun da za a ɗora tukunyar tuwo, yara suna rarrafe a gefe.

Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara bai kamata a yi mana dogon bayani ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan jihar, saboda ana daka duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje. Waɗanda suka tsira da yawa sun tashi da rauni a ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa. Ba ta sa zazzaɓin da za a gani a ruga asibiti. Tana cin fahimtar yaro a hankali, sai ya zo aji muna ce masa daƙiƙi, muna dukansa a kan abin da aka shaƙa masa tun yana goye. Malamin da ke ƙauyen maharba, ko kusa da masu fasa batir, ya kamata ya san wannan ya kuma faɗa a taron iyaye.

Abin da ba za mu ɗauko daga Amurka ba

Yanzu in koma ga abokin aikina, domin yana da gaskiya a wani gefe. Ba ina yabon yadda Amurka take da bindiga ba. Dattijon nan mai sikeli ɗaya ne daga cikin fuskokin ƙasar. Ɗaya fuskar ita ce, bisa alƙaluman hukumar lafiyarsu, a 2020 bindiga ta zama abin da ya fi kashe yara da matasa ƴan shekara 1 zuwa 19 a ƙasar, ta wuce haɗarin mota. Tsanakin mutum ɗaya a garejinsa bai hana wannan ba. Inda makami ya yi yawa, mai hankali da marar hankali duk suna samu, kuma yaro yana tarar da shi a aljihun tebur.

Mu kuwa mun san farashin yawaitar makamai ba a takarda ba. Difa ta sani, Tilaberi ta sani, kudancin Maraɗi da arewacin Tawa sun sani. Tun 1994 ƙasar nan ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai, kuma a ranar 25 ga Satumba 2000 aka ƙona bindigogi a Agadas a bikin wutar zaman lafiya. Riƙe bindiga ko harsashi ba da izinin hukuma ba laifi ne a Nijar, balle haɗa shi. Wannan na faɗa wa yaron ƙarara, kuma na maimaita: abin da ka gani halal ne a dokar ƙasarsu, a nan kurkuku ne, in ma ka tsira da hannunka.

Marigayi Mustafa Alasan, wanda ya zauna a Tawa shekaru masu yawa, ya riga mu ganin wannan matsala. A 1966 ya yi fim a kan wani saurayi da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa. Suka sa malafa da takalma, suka ɗaura bindigogi, suka hau dawaki, suka addabi ƙauyensu har abin ya kai ga zubar da jini. Sun ɗauko rigar sun bar hankalin. Shekara kusan sittin ke nan, akwatin ya koma wayar salula, amma cutar ba ta canja ba. Aikinmu shi ne mu juya abin: mu bar musu bindigar, mu ɗauko sikelin.

Abin da nake roƙon malamai da iyaye

Ga malamai: in yaro ya yi tambaya mai ban tsoro, kada mu fara da bulala. Mu tambaye shi inda ya gani da abin da ya fahimta. Yaron da ya kawo tambayarsa gaban malami bai ɓace ba tukuna, wanda ya daina tambaya shi ne abin tsoro. Ana iya amsa tarihin abu, da dalilinsa, da haɗarinsa, da hukuncinsa a doka, ba tare da an koya yadda ake yin sa ba. Kuma in muka ga alamar da ta wuce sha'awa, kamar yaro yana yawo da harsashi mai rai ko yana maganar wasu manya da ke kiransa daji, wannan ba na aji ba ne kuma, na shugaban makaranta ne da iyaye da hukuma, a ranar ba gobe ba.

Mu kuma ɗauki awo da muhimmanci. Mun saba da tiya mai tozo, da "ɗan ƙara kaɗan", da "ai duk ɗaya ne". A cinikin gero wannan ba ya kisa. Amma yaran nan za su girma su haɗa maganin feshi a gona, su ba jarirai maganin ruwa, su zuba takin zamani, su ajiye man ruwa-ruwa a ɗaki, su haɗa wayar lantarki, su kwaɓa siminti na ginin bene. A duk waɗannan, "ɗan ƙara kaɗan" yana iya zama jana'iza. In lakwal tana da sikeli ko guda ɗaya ne, a fito da shi daga kabad a bar yara su taɓa. Su auna ƙwayar gero, su rubuta, su sake aunawa, su ga bambanci, su nemi dalili. Yaron da ya saba rubuta abin da ya auna ya samu abin da zai tsare shi har tsufa.

Ga iyaye: in akwai bindigar farauta a gida, kada a jingine ta ɗure a bayan ƙofa. A ajiye ta inda ake kullewa, albarushi da harsashi a wani wurin daban, makulli a jikin mai gida. Kada a ce "na gaya masa kada ya taɓa". Yaro ɗan shekara bakwai yana jin gargaɗi da safe ya manta da hantsi, kwaɗo ne ba ya mantuwa. Kada a narka dalma a inda ake girki ko inda yara ke wasa. A koya wa yara cewa duk abin da suka tsinta mai kama da harsashi, ko wani ƙarfe da ba su gane ba, kada su taɓa, kada su jefa a wuta, su bar wurin su gaya wa babba, babba kuma ya gaya wa jandarma. Harbin sama na biki ma a bar shi, domin abin da ya hau sama yana saukowa, kuma ba ya zaɓen kan da zai faɗa.

Sannan mu riƙa leƙa abin da ke cikin wayoyin nan, ba leƙen ɗan sanda ba, leƙen uba. Ka zauna kusa da ɗanka ka ce ya nuna maka. Za ka sha mamakin abin da ya sani da abin da ya fahimta a karkace.

Na mayar wa yaron wayarsa ta hannun mahaifinsa, bayan mun zauna mu uku a inuwar bedi. Uban ya zo da shirin faɗa, ya tashi yana ba mu labarin kakansa maharbi, wanda ba ya barin kowa ya yi masa magana in yana ɗuri, ko da sarki ne ya aiko. Ya ce da yana ɗauka camfi ne.

Mako na gaba na aro sikelin mai sayar da zinariya na kawo aji. Na ce kowa ya ƙirga ƙwayar gero ɗari ya auna. Yaron nan shi ya fara gamawa, amma bai kawo mini takardarsa ba. Na tambaye shi dalili. Ya ce: "Mushe, bari in sake aunawa tukuna."

Allah ya shirya mana su, ya tsare mana su.